Waliyyin da Gara Ta Ci Sunansa

A majami'armu ta jar ƙasa, bayan Dabai,
inda dutse ke tare rana tun ba ta gaji ba,
akwai hoton wani tsoho a jikin bango,
hula mai tsini, kwagiri a hannun dama.
Gara ta bi katakon tun ina goye,
ta cinye sunan, ta bar mana gemun.

Wani fada ya zo da shi cikin akwati,
ya ce bishof ne na Farankawa,
shekara dubu da ɗoriya da kwanciyarsa.
Zazzaɓi ya mai da fada garinsu.
Tsohon ya zauna. Bai tambayi hanyar gida ba.

Malam Barnaba Nomau, katikis ɗinmu,
shi ya riƙe labarin da ka.
Ya ce ɗan manya ne, an haife shi cikin ƙoshi,
ya sauka daga sirdi ya bi ƙasa da ƙafa.
Shekarar yunwa ya ɓalle bakin rumbu,
ya narka kofin zinariya ya fanshi bayi.
Ya tsaya gaban wani sarki mai dogon gashi
ya ce, mai da wa gwauruwa gonarta.
Sarki ya kore shi daji,
can inda ƙanƙara ke sauka kamar auduga,
ya kafa bukka, ya koya wa makiyaya addu'a.
Da ya mutu, garuruwa biyu suka yi rigima
a kan wa zai binne ƙashinsa.

Kowace shekara labarin na sake riga.
Bana alkama ce a rumbun, baɗi ta zama dawa.
Wata shekara har golmo aka ce ya yi,
damina bakwai a gonar da ba tasa ba.
Na ce, Malam, can ma suna golmo?
Ya ce, 'yar nan, duk inda ƙasa take
akwai mai sunkuya mata.

Mata suka raɗa masa Baba Mai Kwagiri.
Kezia takan aje zangarniyar fari a gabansa.
Daren da ɗan Rifkatu ya sanƙame,
nan ta durƙusa har zakara ya yi cara.
Sahabi mahauci ba ya shiga ciki,
amma in ya wuce da tire yakan ce,
a gai da tsohon.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke a tsakar damina.
Dawa ta tsaya iya gwiwa, ta sunkuyar da kai.
Malam bai yi wa'azi ba ran nan.
Ya kafa tsani a rumbunsa,
ya ce kowa ya zo da ƙwarya.
Kekensa ma ya tafi kasuwar Zuru,
ya dawo buhu biyu a kan jaki.
Matarsa ta yi kwana uku ba ta ce masa uffan ba,
ran na huɗu ita ke riƙe da mudu.

Yana kwance yanzu gindin ɗorawa.
Sandarsa muka rataye kusa da hoton
don babu wata ƙusa a bangon.

Bara wani sabon fada ya zo da waya,
ya ɗau hoton, ya ce zai gano sunan.
Ya dawo da sunaye uku masu karya harshe,
ya ce ɗaya daga ciki ne, bai tabbata ba.
Kezia ta ce, bar su a aljihunka, Fada,
yana amsa wanda muke kiransa.

Ni ke shara ranar Asabar.
Jiya jikar Rifkatu ta biyo ni,
ta nuna gemun da ɗan yatsa
ta ce, wannan ne Baba Nomau?
Na buɗe baki zan gyara mata.
Na dubi sandar, duk ta yi ƙura.
Na ce, miƙo min tsumman can.