Yatsan Baba

Baba bai taɓa sayen albam ba.
Cikin littattafai yake cusa hotuna:
duk inda gyangyaɗi ya yanke masa karatu,
nan zai soke fuskar wani, ya rufe, ya hure fitila.

Shi ya sa tun da na kwaso kwalayensa daga Kumo
na jibge su a ɗakina na Herwagana
nake karatu irin na mai tsintar shinkafa.
Ba labarin nake bi ba,
inda ya tsaya nake lalube.

Shafi na sittin da uku, littafin noman rani:
Adda Dudu ce, da giɓinta,
ta rungume ɗan akuyar da aka yanka bayan kwana biyu.
Har yau ba ta cin naman akuya.
Wai likita ne ya hana.

Cikin wani mai koren bango, wanda gara ta ɗanɗana,
ma'aikatan gidan gurzar auduga sun jeru,
mutum tara, kawuna takwas.
Na taran dogo ne, Baba ya yanke shi daga wuya.
A baya ya rubuta da ajami:
Jalo, ka yafe ni, tsawonka ne.

Kakata Inna Yalwa ba ta yarda ba.
Ta ce wanda ya gan ta da idonsa ya gani,
wanda bai gani ba ya tambaya.
Shekara nawa yana fakonta,
abin da ya samu ƙafa ɗaya ce mai lalle
tana shigewa bayan zana,
da ƙwaryar da ta saki, ba ta gama rawa a ƙasa ba.
A diddigen nan na gane tafiyata.

Shi kuwa, babu shi.
Ɗari da goma sha huɗu na ƙirga,
mai riƙe da kyamara ba ya shiga.
Sai dai can sama, ta kusurwar dama,
wani duhu mai laushi kamar hadarin da bai yanke shawara ba.
Yatsansa ne.
Yana kan rufin makarantarmu,
yana kan rawanin angon da ba wanda ya tuna sunansa,
ya ci rabin Dutsen Bima.
Mama takan ce, kuɗin fim dai a yatsa yake ƙarewa.

Ni ma ran Asabar, in na rufe kemis da wuri,
nakan fita da waya ina satar gari:
mai gyaran takalmi a Tashar Dukku da ƙusa uku a baki,
motar masara da ta kwanta kan gefenta kamar saniya,
inuwar tankin ruwa bayan la'asar.
Dubu biyu da wani abu, ban wanke ko ɗaya ba.
Hajjo, autata, ita ke share mini marasa kyau,
ƙaramar alƙaliya, ba ta jin roƙo.

Jiya ta miƙo mini wayar:
Abba, wannan ya ɓaci, in goge?
Ita ce a bakin kwata tana wanke silifas,
a samanta, ta dama, ga hadarin nan.

Na ce bari.
Ta ce yatsanka ne fa.
Na ce na sani.

Da safe na kai aka wanke shi, mai shagon yana ta kallona.
Akwai littafin da Baba bai ƙarasa ba,
takardar maganin hawan jini ce alamarsa, ba hoto ba.
Na zare ta.
Na ci gaba daga layin da ya bari,
shafi huɗu, biyar, har wuta ta ɗauke.
Na laluba a duhu na soke Hajjo a wurin,
ban ma san ko a juye na sa ta ba.