Kunnen Baba Gariba

Ruwa ya kwana yana dukan kwanon Aboabo,
ya ɗauke gab da assalatu, ya bar mana sanyi.
Haka Agusta take a Kumasi,
rana ta yi nawa, gaɓoɓi su yi tsami.
Fijo ta kwana a gindin mangwaro.
Ta girme ni da shekara biyu,
ga shi yau muna da alkawari ni da ita:
buhun albasa tara a Kejetia
kafin bakwai, ko wani ya riga mu.

Na murɗa makulli. Ta yi tari.
Na sake. Ta yi gurnani kamar mai mafarki,
ta koma barcinta.

"Kar ki ƙara!" in ji Baba daga baranda,
naɗe cikin bargo, carbi a hannu.
Shekara talatin da huɗu ya yi a garejin Suame
kafin yana ta rufe masa ido.
Yanzu da kunne yake kwance inji.

"Danna hon."
Hon ya yi ihu, zakaran maƙwabta ya rama.
"To, batir ba shi da laifi, a sallame shi.
Na ji juyinta da ƙarfi, sitata ma ya kuɓuta.
Ɗaga bonet, Lariba, ki sa hanci."
Na sunkuya, warin fetur ya mare ni.
"Ta ci ke nan, har kin yi mata ɗura.
Ba yunwa ke damunta ba.
Wuta ce ba ta isa inda aka aike ta."

Fuseini mai gyaran rediyo ya leƙo ta katanga:
"A tura ta mana, ga gangara!"
Anti Afriyie, tana dama koko, ta ce
a sayar wa masu gwangwan a huta.
Baba bai ko juya ba.
"Wanda bai san ciwo ba shi ke saurin kawo magani."

Na zare wayar filogi, na kusanta ta da ƙarfe,
Fuseini ya murɗa.
"Me kika gani?"
"Ɗan ƙyalli ja, kamar ashanar da ta sha ruwa."
"Shuɗi muke nema. Ciro hular disturbuta."

Maƙalai biyu, yatsuna sun ƙage, da ƙyar suka ɓalle.
Cikinta raɓa ce, ƙwaya-ƙwaya,
kamar goshin mai zazzaɓi.
Na sa masa a tafin hannu.
Ya bi ta da babban yatsa, sannu,
yadda yake shafa kan jikokinsa ya faɗi sunan kowa,
sai farcensa ya tsaya.
"Ga ɓarawon. Tsaga ce, ba ta kai silin gashi ba.
Da rana ba ta magana,
sanyi ke tona mata asiri."

Muka shanya hular kusa da kurfotin Anti,
nesa da mota, nesa da mai,
har ta yi ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.
"Ina jan farcen nan naki?"
Wanda na saya don bikin Memuna,
ko buɗe shi ban yi ba.
Na ja wa tsagar layi biyu, ciki da waje,
muka jira ya bushe, muna hura koko.

Murɗa ɗaya.
Ta yi atishawa, ta girgiza, ta kama,
hayaƙi ya kori kaji daga ƙarƙashinta.
Fuseini ya yi tafi. Baba ya ɗaga hannu a yi shiru,
ya karkata kai.
"Filogi na uku yana ɗingishi. Ran Asabar.
Kuma ki sayi sabuwar hula,
kwalliya ba ta kai mota damina biyu."

Na fita da baya, bakwai saura kwata.
A madubi ina hango shi, kai a karkace,
yana raka ni da kunne har kwanar Asawase.
Sai a nan na tuna:
kwana huɗu ke nan shi ma yana tari da asuba,
wani tari mai nauyi daga can ƙasa,
ni kuwa, da idona biyu garau,
ban tsaya na saurara ba.