Raɗa a Cikin Gunya

A Dukku, bayan la'asar,
Bappa Giɗaɗo ya riƙe ragama
yana lasa wa Gunya kanwa a tafin hannu.
Damina biyu ke nan ba ta ɗauka ba.
Ya ce, "Likita, ko bakin mutane ne?"

Na zura safar roba har kafaɗa.
Batirin mota muka jona wa na'urar,
Hammadi ya kare mini rana da buhu,
allon ya yi toka-toka, ya washe:
baƙaƙen tuluna ƙanana guda bakwai,
kowanne cike da ruwa,
kowanne da ƙwai ɗaya manne a bangonsa
wanda ko na'urar ba ta iya gani.

Bappa, ba bakin mutane ba ne.
Baki dai akwai, amma a ciki yake.

Can ƙarƙashin ƙwaƙwalwarta
akwai wani ƙulli da bai wuce ɓarin goro ba.
Shi ke sakin saƙo cikin jini,
ba suna, ba adireshi.
Ya ratsa hanta, ya leƙa kofato,
bai sami mai amsa sallama ba
sai nan, inda aka sassaƙa kunne daidai da muryarsa.
Abin da ya ce kawai: ku tashi.

Suka tashi tare, kamar gero bayan ruwan shuka.

A cikin kowane tulu kuma wata hirar ake.
Ƙwan da kake zaton bebe ne
shi ke raɗa wa ƙwayoyin da ke renonsa:
ku yawaita, ku matso, kada ku nuna da wuri.
Su kuma ta wasu ƙofofi
da kafar allura ta fi su faɗi sau dubbai
suna miƙa masa abinci, suna cewa:
dakata, lokacinka bai yi ba.
Na waje su dafa rabi, su miƙa ta kan katanga,
na ciki su ƙarasa girkin.
Ƙamshinsa ke sa Gunya ɗage wutsiya
in ta jiyo haniniya daga unguwar gabas.

Dubi wannan na dama.
Ya ɗara sauran da faɗin ƙwayar dawa,
kuma hakan ya isa.
Zai aika sama: na ji, a rage murya.
Sama ta rage.
Shi ya riga ya buɗe wani kunnen,
yana jin kira na biyu.
Sauran shida su kasa kunne, tsit,
su lotsa sannu a hankali, jiki ya shanye su.
Babu faɗa. Ko ɗigon jini.

Nan hannuna ya tsaya.
Mu tara ne a ɗakin Inna,
ni kaɗai na wuce aji shida.
Shekara bakwai Adda Jebbu na ɗinkin hula,
kuɗin yana bi ta kan katanga zuwa Zariya.
Ban taɓa tambaya ba wa ya rage murya,
ko kuwa ni ce na aika a rage.

"Likita, kin yi shiru."

Gunya ba juya ba ce, Bappa,
kuna zuwa ne bayan kasuwa ta watse.
Ran Lahadi zan dawo.
In ya kai ƙwan zabo, ya yi laushi,
ya karkata zuwa ɗan kwarin nan
da ta nan kaɗai goɗiya ke saki,
to a kawo ingarman da asuba.

Ya daɗe yana kallon allon.
"Su shidan fa?"
Na tuɓe safar, na ce wasu za su tashi.

A hanyar Gombe na tsaya gefen titi,
na kira Adda.
Ta ɗauka da zare a baki: "Lafiya?"
Wata tirelar siminti ta wuce, na jira ta yi nisa.
Na ce, "Lafiya lau. Ya idon naki?"