Allurar da Ta Ƙi Sifiri

A Vigo, bakin teku, inda ake dafa kifin gwangwani,
Uxía ta cika bokiti da niƙaƙƙiyar ƙanƙara,
ta ɗiga ruwa, ta motsa,
ta tsoma ƙafar sabon ma'aunin zafi.
Ta jira. Ƙanƙara ba ta san ciniki ba.

Allura ta gangaro, ta ɗan yi rawa,
ta tsaya a kan uku.

Anxo mai sayayya ya leƙo ta kafaɗarta:
"Yuro ashirin da takwas na biya.
Wancan mai takardar shaida, ɗari da goma!
Digiri uku, wa zai mutu?"

Ba ta tanka ba.
Ran Litinin ta rubuta masa dalla-dalla:
fuska mai faɗin tafin hannu,
ƙarfen da gishiri ba ya ci,
kuskure kada ya wuce ɗaya cikin ɗari.

Ta juya bayan ma'aunin, tana laluben notin gyara.
Babu. An liƙe shi ruf.

Can ƙasa tukunyar tururi na huci,
gwangwani dubu shida na jiran hukuncin allura.
Ta manna jan tambari,
ta miƙa wa Anxo arahar tasa,
tana ɗigar ruwa a kan takalminsa.