Hannun Dama

A Aboabo, bayan famfon da mata ke layi tun asuba,
akwai ɗaki mai rufin kwano, yana yoyo ta gabas.
Nan kawuna Mumuni Bawa ya ƙare littafi huɗu,
ya tsinke tsirkiyar molo da ba wanda ya ƙirga.

Da rana akawu ne a rumfar 'yan goro,
huhu nawa ya tafi Legas, nawa ya ruɓe a hanya.
Da dare sai ya juya littafin lissafin ta baya,
ya kira mutanen da ba su da gida sai bakin alƙalaminsa:
direban tirotiro mai tsoron gada,
mai koko da ta ƙi yafe wa ƙanwarta sidi goma,
wani tsoho da ya tako daga Salga da ƙafa
ya iso Kumasi, ya manta abin da ya zo nema.

In jimla ta ƙi zama, ba ya kokawa da ita.
Molo yake saukewa daga ƙusa, ya ɗora a cinya,
ya karanta ta a hankali, yatsu na bin sawunta.
In ta yi tuntuɓe a kan tsirkiya, ya ce ƙarya take,
ya ja mata jan biro.
"An ce kunne ya girmi kaka," in ji shi,
"to ina ga takarda, 'yar jiya?"

Makaɗan Asawase sun ce malami ne ya ɓata hanya,
malamai sun ce maroƙi ne mai tabarau.
Ya ci tuwo da kowa, bai roƙi kowa ba.
Littafinsa na uku, ɗari biyar aka buga.
Na tsinci shafi na tamanin a Kejetiya, an ƙunshe gyaɗa da shi,
na kawo masa ina huci.
Ya cinye gyaɗar, ya miƙe takardar a gwiwa,
ya ce, "Duba nan, kalma ɗaya ta yi yawa."

Wata Laraba cikin damina, an ɗauke wuta,
hannunsa na dama ya zamo daga tebur,
bai sake hawa ba.
Wata uku molo na rataye, tautau ya yi masa riga,
biro ya bushe a cikin gwangwanin madara.
Ba ya kuka. Kallon ƙusar kawai yake yi.

Sai ran nan, da baki a karkace, ya ce,
"Sahura, ara mini hannu."

Yanzu bayan isha'i nakan zauna a damansa,
kafaɗa da kafaɗa, molo a tsakaninmu.
Hagunsa na danne wuya, damana na kaɗa ciki.
Da fari sautin ɗingishi yake,
har maƙwabta suka aiko ko akuya ce ta maƙale a waya.
Mun yi dariya, shi da rabin fuska, ni da duka.
In mun gaji da kiɗa in ɗauki biro,
ya riƙa jefo kalmomi rabi-rabi, ina tsinta
kamar mai tsince shinkafa a faifai.

Littafi na biyar yana babi na tara.
Tsohon Salga ya dawo, yana tsaye a bakin tasha,
har yau bai tuna ba.

Jiya kawu ya yi gyangyaɗi a tsakiyar magana.
Na dubi shafin, na dubi ƙofa,
na saka jimla ɗaya tawa, ta kaina.
Da ya farka ya ce a gwada.
Na karanta, muryata na rawa, muka bi ta da molo
tun daga harafin farko har aya.
Ba ta yi tuntuɓe ba.

Ya daɗe yana kallona, ruwa na ɗiga a bokitin gabas.
Ya lalubo jan biron da hagu, ya juya shi, ya ajiye.
Ya ce, "Bar ta. Ci gaba."