Faifai a Gangare, Allura a Kabong

A ƙasan akwatin Inna Lantana,
ƙarƙashin zannuwan da ta daina ɗaurawa,
na tarar da ke.
Gara ta ci sunanki daga jikin kwali, ta rage harafi biyu,
ta bar gashin nan naki mai tudu kamar tulin acca a masussuka,
da jita rungume a ƙirji
kamar ɗan da zazzaɓi ya hana barci.

Sule biyar, in ji Inna,
a gwanjon wani Baturen kuza da zai koma gida.
Wasu suka ɗebi kujeru, wasu tukwane,
ita ta ɗauko baƙin faifai na kiɗan kaboyi,
alhali ko garmaho ba mu da shi.
Baba ya ce, “To, an sayi linzami, saura doki.”

Dokin yana gidan Ngo Kachollom,
katanga ɗaya tsakaninmu.
Ran Asabar, in ƙanƙara ta gama dukan kwano,
sai su sa kaskon gawayi a tsakiya,
ɗaya na ferar dankali, ɗaya na tsefe mini kai,
ke kuma ki fara.

Ba mai jin Turancinki a cikinsu, ta hanci kike yin sa.
Inna ta ce mijinki ne ya bi jirgin ƙasa bai waiwayo ba.
Ngo ta ce ina, gonarku aka karɓe a kan bashi.
Har na yi wayo suna wannan musu.
Abu guda suka yarda da shi:
a waƙa ta uku, inda muryarki ke karyewa
kamar karan dawa a ƙarƙashin ƙafa,
macen da ta iya wannan ta taɓa binne wani nata.

Akwai zane a bayanki, ni na yi shi da tsinken tsifa.
Nan allura ke tuntuɓe,
ki yi ta nanata kalma ɗaya, kalma ɗaya,
sai Ngo ta ɗora kwabo a kan allurar
sannan ki haye.

Sai shekarar da gari ya tsage.
Ngo ta yi Kabong da garmaho a ka,
mu muka yi Gangare da faifai cikin zani.
Tafiyar da ba ta kai dahuwar shinkafa ba.
Shekara ashirin da uku ba ki ce uffan ba.

Jiya, bayan sadakar arba’in, na sa ki a jaka.
Idon Ngo ya yi hazo, da babban yatsa ta karanta ki,
ta tsaya a kan zanen: “Ke ce, mai ɓarna.”
Jikanta Davou ya hure ƙurar garmaho,
ya yanko robar taya ya ɗaure abin da ya tsinke,
muka jira wuta har la’asar sakaliya.

Da fari ƙas-ƙas, kamar mai a kasko.
Sai goge.
Sai ke, ko furfura ɗaya babu a muryarki.

“Ke da kika yi boko,” in ji Ngo,
“miji ne ko gona?”
Na ji kowace kalma sarai.
Na ce, “Ta hanci take yi, Ngo, ban kama ba.”
Ta yi dariya har da tari.
“Gona ce. Uwarki dai da taurin kai.”
Sai ta juya fuska wajen bango.

Da muka iso zanen kika tsaya cak,
kina nanatawa, kina nanatawa.
Aka duba gidan kaf, ba kwabo,
wa ke ajiye kwabo yanzu?
Ngo ta lalubo hannuna,
ta ɗora yatsana a kan allurar,
ta ce, “A hankali. Kar ki danne ta.”