Buga, Na Riƙe

Ran Asabar nake hura wuta
a filin ajiye motoci na coci, bakin kogin Ohio,
uwar maƙera a bayan akori-kura,
guduma biyu, awartaki, bokitin ruwa.
Kowa ya kawo bindigar da ta hana shi barci,
ɗan sanda ya zare harsashi, ya rubuta lamba,
ni kuma in datsa ta uku, in ba wuta.

A tsallaken titi Orval Stroud yake tsayawa,
shekara saba'in da ɗaya, tasa a ƙugu,
kwali a hannu: HAƘƘINA NE, BA ARO BA.
Aji ɗaya muka yi. Ko tarinsa na sani.
Ya ce, "Wendell, daga gonata zuwa caji ofis
minti arba'in ne, in dusar ƙanƙara ba ta rufe hanya ba.
Daren da aka ɓalle mini ƙofar baya
wa ya zo? Kai? Ko fastonku?
Kuna ɗaure karen gida, kyarkeci na yawo."
Ban tanka ba. Ƙarfe in ya yi ja ba ya jiran gardama.

Wajen sha ɗaya Lorna Pettit ta iso
rungume da kwalin takalmi kamar jinjiri.
'Yar ƙarama ce, baƙa, tsawon tafin hannuna.
A durowar gefen gado take kwana,
an saye ta don ɓarawon da bai taɓa zuwa ba.
Ɗanta Corwin, shekara sha shida,
ya faɗi jarrabawa, wata ta daina ɗaga wayarsa,
ran wata Talata, kafin uwar ta taso daga aiki.
"Minti goma," ta ce. "Da ya ɓata minti goma
yana neman makulli, da zuciyar ta sauka."

Na miƙa mata guduma. Haka muke yi,
mai kaya shi ke fara duka.
Hannunta na ɓari, awartaki ya suɓuce,
jan ƙarfe ya faɗi kan kwalta yana huci.
Ban ga tsallakowar Orval ba.
Ya jingina kwalinsa da tayar motata,
ya sunkuya, gwiwa na ƙara, ya ɗauko ƙarfen,
ya danne shi kan uwar maƙera.
"Buga, Lorna. Na riƙe."
Shi ya koya wa yaron harbin gwangwani a bayan rumbu.
Duk garin an sani. Ba mai faɗa.

Ta buga.
Ta buga. Ban ƙirga ba.
Tartsatsi ya ci hannun rigarsa, bai ko motsa ba.
Bakin nan mai rami ya baje, ya yi faɗi,
ya zama abin tona ƙasa
a dasa tumatir.

Zuwa la'asar mun datse goma sha tara.
A rediyon mota ana ta sa-in-sa,
wannan ya jawo kundin tsarin mulki,
wancan ya jawo lissafin gawawwaki,
sai tallar katifa ta raba su.
Orval ya ce kantin da ke bayan gidan mai
ya sayar da fiye da haka tun kafin azahar.
Gaskiyarsa. Da cokali nake kwashe kogi,
amma cokalin nawa ne.

Ya ɗauki kwalinsa, ya kakkaɓe.
Tasa na nan a ƙugu, ba inda ta je.
Taku uku, sai ya juyo:
"Akwatin ƙarfen nan mai makulli da kuke rabawa...
jikokina za su zo hutu watan gobe.
Kar ka ɗauka na sauya ra'ayi."
Na ce ban ɗauka ba.

Na ba shi. Na kwara ruwa a garwashi,
tururi ya tashi ya rufe mini fuskarsa.
Sai Asabar mai zuwa kuma,
shi a tsallake, ni a nan.